Wuƙata ta sifirin mota da abin da hunturu ya yi wa ƙotarta

Ina da amya goma sha biyu a dajin bayan garinmu a ƙasar Ningi, kuma shekara shida ke nan akwai wuƙa ɗaya da nake tafiya da ita duk ranar da zan je duba su. Wani tsohon maƙeri ne ya ƙera mini ita da sifirin tsohuwar mota. Da ita nake yanka igiyar rama, in fere turaku, in tsaga ƙirare, in yanko saƙar zuma.

Ruwan wuƙar bai taɓa ba ni kunya ba. Ƙarfen sifirin an yi shi ne don ya lanƙwashe ya dawo, shi ya sa ko na ɗora ta kan reshe na buge bayanta da itace ba ta ɓallewa. In ta dakushe, kowane dutse na bakin rafi zai dawo mata da kaifi. Aibinta tsatsa. Zuma da tsamiya sun mayar da ita baƙa tun a shekarar farko, wannan bai dame ni ba, baƙin ma kariya ne. Jar tsatsa ce ke cin ƙarfe, kuma kuben fata ne ya jawo mini ita: na mayar da wuƙar da danshi a watan Agusta, fatar ta riƙe ruwan, bayan kwana tara na zaro ta duk ta yi ramuka kusa da wuya. Yanzu sai na goge ta na shafa man kaɗe, kuma a gida ba ta kwana a kube. Man gyaɗa ba ya yi, danƙo yake yi ya kira tururuwa.

Ƙota ce ta kusa raba ni da yatsa. Ta farko an sassaƙa ta ne a ƙarshen damina, itacen bai gama bushewa ba. Da hunturu ya kankama a Janairu sai itacen ya tsuke, ya tsage daidai inda wutsiyar ƙarfen ta shiga. Ban lura ba sai da nake fere turke, ruwan wuƙar ya juya a hannuna ya shafto babban yatsana.

Na koma maƙera na ce, "Baba, a sa mini ƙaho." Ya ce, "Yaro, mai taɓa zuma ba ya riƙe ƙaho, santsi zai yi maka." Ya shiga cikin gida ya fito da guntun tsohuwar taɓarya ta ƙirya wadda ta sha hunturu ya fi goma. Ya huda ta, ya zura wutsiyar har ta fita ta baya ya tanƙwashe bakinta, ya sa zoben tagulla a wuya. Shekara biyar ke nan ba ta motsa ba. Ƙirya tana da nauyi, amma gara ba ta kula ta, gumi kuma sai ƙara mata sheƙi yake yi.

Bara ƙanena ya kawo mini tsarabar wuƙar Morakniv, wadda ake yi a garin Mora na ƙasar Suwidin. Irin ƙarfen nan ne da muke kira silba. Sinadarin kuromiyom ɗin da ke cikinsa ya haura kashi 10 cikin 100, shi ke hana tsatsa. Ƙotarta roba ce, kuben ma roba mai huda a ƙasa da ruwa ke fita. Ranar ɗibar zuma babu kamarta, hannu duk zuma amma ba ta sulɓewa, in an gama a ɗauraye kawai. Siririya ce, kaurinta bai kai milimita 3 ba, don haka saƙa da igiya na bar mata.

Da damina Mora ce a ƙuguna, ta maƙerin tana cikin jaka, naɗe da tsumma mai man kaɗe, sai aikin itace ya taso in kwance ta.