Laftof Don Linux: Sunan Kamfani Ba Ya Isa, Sai An Leƙa Cikinta

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, tambaya guda ce take yawan zuwa mini daga abokan aiki da ƙannena ɗalibai, wato wace kwamfutar tafi-da-gidanka ya kamata mutum ya saya idan yana son komawa Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows. Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne, domin Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ƙa'ida ba ta karɓar yawancin masarrafan Intel (masarrafa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) da suka girmi zubi na 8, don haka ɗimbin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya suka wayi gari ba su da sabuwar Windows da za su hau. Amsar da nake bayarwa takan ɗan ba mutane haushi, saboda suna jiran in ambaci sunan kamfani guda su tafi kasuwa, ni kuwa sai in ce musu Linux ba ruwanta da tambarin da ke bayan murfi, ƙananan kayan da aka dasa a ciki su ne abokan hulɗarta.

Ban san haka ba sai da na yi asara. Shekarun baya na sayi wata laftof sabuwa fil a kwali, siririya, mai ƙyalli, na kawo ta gida ina murna, na goge abin da ta zo da shi na ɗora Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Da ta tashi sai na tarar ba ta ganin Wi-Fi ko ɗaya, har sai da na haɗa wayata da kebul na ara mata intanet kafin na samo abin da zai tayar da katin Wi-Fi ɗin. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce barci: in na rufe murfi na saka ta a jaka, sai in isa wurin aiki in ciro ta da zafi kamar an ɗauko ta daga kan murhu, batirin kuma ya kusa ƙarewa. Wata shida na yi ina fama kafin na sayar da ita da faɗuwa, na sayi wata tsohuwa ta hannu wadda ba ta kai rabin kuɗinta ba, kuma ita ce ta yi mini aiki lafiya lau.

Abin da ya bambanta su shi ne direba, wato ɗan shirin da ke fassara magana tsakanin babbar manhaja da kowane ɓangare na na'ura. A Windows, kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne yake tattara direbobin ya ɗora kafin ya sayar. A Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, mafi yawan direbobin suna zaune ne a cikin zuciyar manhajar kanta, wadda ake kira kanel. Idan kamfanin da ya ƙera wani guntu yana aika direbansa cikin kanel, ko kuma ya buɗe bayanan guntun ga masu rubuta manhaja, to abin zai yi aiki tun daga tashin farko ba tare da ka sauke komai ba. Idan kuwa ya rufe bayanansa, sai dai a yi ta lalube. Daga nan ne wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki yake fitowa: kwamfutar da ta shekara uku ko biyar a kasuwa ta fi wadda ta fito jiya samun cikakken tallafi, saboda an riga an gano matsalolinta an gyara. Ubuntu mai dogon tallafi tana fitowa ne a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 22.04 da 24.04, ana kuma kula da kowace har shekara biyar, don haka wanda ya sayi sabon ƙira sosai yakan fi dacewa da Fedora, wani nau'in Linux da yake saurin karɓar sabon kanel.

Katin Wi-Fi shi ne abu na farko da nake dubawa, kuma a nan ba na ɓoye son kaina ga na Intel, domin injiniyoyin kamfanin da kansu suke kula da direbansa a cikin kanel. Na Broadcom, waɗanda suka cika tsofaffin MacBook da wasu ƙananan kwamfutoci, sun daɗe da yin suna wajen neman direba na daban wanda sai an sauke shi daga intanet, alhali intanet ɗin ce ba ka da ita a lokacin. Na Realtek da MediaTek sun danganta da lambar katin da kuma shekarun kanel. Sa'ar da ake da ita ita ce, a kwamfutoci da yawa katin ba manne yake ba, ƙaramin sukuru guda ne ke riƙe shi, kuma mai gyara zai iya musanya shi cikin 'yan mintuna, sai dai wasu tsofaffin ƙira suna ƙin tashi idan aka saka katin da ba ya cikin jerin da kamfanin ya amince da shi.

Na biyu shi ne katin hoto. Na Intel da na AMD suna da buɗaɗɗun direbobi, ba sa buƙatar komai daga gare ka. Nvidia ta buɗe wani sashe na direbanta a 2022 kuma al'amura sun gyaru ƙwarai, amma har yanzu laftof mai katin hoto biyu tana ƙara wa mai ita aiki, tana kuma ƙara shan batir da zafi. Wanda aikinsa ya shafi horar da ƙirƙirarriyar basira ko zane mai nauyi yana da hujjar ɗaukar wannan wahala. Ɗalibi ko ma'aikacin ofis da ke rubutu, lissafi da koyon rubuta manhaja ba shi da ita, kuma a garin da wutar lantarki take zuwa lokacin da ta ga dama, sa'a biyu na ƙarin batir sun fi masa wani ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba.

Batun barcin da ya wahalar da ni shi ma yana da tushe. Tsofaffin kwamfutoci suna da nau'in barci mai zurfi da ake kira S3, inda kusan komai yake mutuwa sai RAM kaɗai, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe aikin da kake kai. Sababbi da yawa sun koma wani barci mai sauƙi da masarrafar ba ta kashewa gaba ɗaya, kuma idan direba guda ya ƙi kwantar da nasa ɓangaren, sai kwamfutar ta kwana tana cin batir a cikin jaka. Wasu ƙirar ThinkPad suna da zaɓi a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, da ke ba ka damar komawa tsohon barcin. Mai karanta zanen yatsa kuwa sau da yawa ba ya aiki, kuma ni ban ɗauke shi abin damuwa ba, amma kyamara abin dubawa ce, domin wasu sababbin kwamfutoci masu tsada sun zo da nau'in kyamarar IPU6 ta Intel wadda ta ɗauki lokaci kafin ta fara aiki sosai a Linux.

Duk wannan ne ya sa nake tura mutane wajen kwamfutocin da aka ƙera don ma'aikatu, wato ThinkPad jerin T da X na Lenovo, Latitude na Dell, da EliteBook na HP, waɗanda su ne dai suka cika shagunan tokumbo daga Computer Village ta Ikeja zuwa titin Beirut a Kano. Manyan kamfanonin Turai da Amurka suna sayen su da yawa, su sallame su bayan 'yan shekaru, shi ya sa kayan gyaransu, daga batir zuwa kibod da sikirin, ba sa wuyar samu a wurinmu. Masu rubuta Linux da dama ma irin su suke amfani da su, don haka in matsala ta ɓullo, a kan teburinsu take fara ɓullowa. Kamfanin Canonical, mai Ubuntu, yana wallafa jerin kwamfutocin da ya gwada ya tabbatar, kuma waɗannan kamfanoni uku suna cikinsa. Haka nan da yawa daga cikin ƙirarsu suna karɓar sabunta BIOS kai tsaye daga cikin Linux ta hanyar shirin fwupd, ba sai ka nemi Windows ba.

Idan aka matsa mini in ambaci guda, nakan ce ThinkPad T480 ta 2018. Tana da gurbin RAM biyu da za ka iya ƙarawa da kanka, tana da batir biyu, na ciki mai ƙarfin wat-awa 24 da na waje da ake cirewa wanda babbansa ya kai 72, har kana iya musanya na wajen ba tare da ka kashe ta ba. T490 da ta biyo bayanta ta zo da batir guda na ciki da wani sashe na RAM a manne. Sai dai T480 ɗin ma iri-iri ce: akwai mai dusasshen sikirin na 1366 da 768 wanda ya kamata a guje masa a nemi na 1920 da 1080, akwai kuma mai katin Nvidia MX150. Ramin USB-C da take caji ta cikinsa ya taɓa samun matsalar da Lenovo ya fitar wa gyara, saboda haka ɗora wannan gyaran shi ne aikin farko bayan saye. Latitude 7490 da EliteBook 840 G5 sa'o'inta ne, kuma duk suna tafiya da Linux cikin natsuwa.

A nan ne ya kamata in ja kunne kan wata magana da ake yawan ji a shago, cewa wannan Core i7 ce, don haka ta fi waccan Core i5. Zubin masarrafar ya fi wannan lamba muhimmanci. Core i7-7500U tana da ƙwaya biyu ne kacal, wato sassan da ke yin aiki a lokaci guda, ita kuwa Core i5-8250U tana da huɗu, kuma lambar farko bayan ɗan layin ita ce take nuna zubi, sai daga zubi na 10 ne take zama lamba biyu. RAM kada ya gaza gigabait 8, in da hali 16, domin ba Linux ce take cinye shi ba, shafukan intanet na yau ne. Ma'ajiyar bayanai kuwa lallai ta zama SSD, wato nau'in da ya fi tsohon faifai sauri, ko da ƙarama ce.

Akwai kamfanonin da suke sayar da laftof da Linux a kanta tun daga masana'anta, irin su System76 a Amurka, Tuxedo a Jamus da Slimbook a Sifaniya, ga kuma Framework da ta yi suna wajen sauƙin gyara. Kayansu masu kyau ne, amma wanda ke zaune a Zariya ko Maraɗi ya tambayi kansa inda zai samo sikirin ranar da nasa ya fashe. MacBook masu masarrafar M1 zuwa sama da sababbin kwamfutoci masu Snapdragon kuma ba na ba mai farawa shawarar su, duk da ƙoƙarin da masu aikin Asahi Linux suke yi na ɗora Linux a kan waɗannan MacBook.

Abin da ya fi duk bayanan nan amfani shi ne gwaji kafin biyan kuɗi. Ka ɗora Linux Mint ko Ubuntu a kan filash da shirin Rufus ko Ventoy, ka tafi da shi shago, ka ce wa mai kaya, Alhaji, ina son in tayar da ita daga filash ɗina, ba zan taɓa abin da ke cikinta ba. Gaskiya ce kuwa, domin manhajar tana gudana ne daga filash ɗin ba tare da ta rubuta komai a kwamfutar ba. A Lenovo da Dell maɓallin F12 ne ke buɗe jerin wuraren tashi, a HP kuma F9. Da ta tashi sai ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka, ka kunna sauti ta lasifika da ta abin kunne, ka buɗe kyamara, ka rage hasken sikirin ka ƙara, ka gwada kowane rami, sannan ka rufe murfi ka jira minti biyu ka buɗe ka ga ko za ta farka da Wi-Fi ɗinta. Umarnin lspci, in ka rubuta shi a tagar umarni da ake kira terminal, zai nuna maka ainihin sunan katin Wi-Fi da na hoto, shi kuma upower zai nuna kashi nawa ya rage na asalin ƙarfin batirin, wanda ya fi rantsuwar kowane mai shago. Ka shiga BIOS ma ka tabbatar babu kalmar sirrin da tsohuwar ma'aikatar ta bari, domin cire ta a irin waɗannan kwamfutoci babban aiki ne, kuma idan mai ɗora manhajar bai ga SSD ba, yawanci saitin ma'ajiyar bayanai ne a cikin BIOS ake mayarwa daga RST zuwa AHCI. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji na minti goma, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.

Saura abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Mai rubutu da Hausa ba ya buƙatar kibod na musamman, domin Linux tana zuwa da tsarin Hausa na Najeriya da na Gana a cikin saitunanta, wanda ke ba da ɓ, ɗ da ƙ ba tare da an sauke wani abu ba. Wanda kuma abincinsa ya rataya a kan CorelDRAW, Photoshop ko AutoCAD ya san cewa ba a yi su don Linux ba, kuma ko da yake Inkscape da GIMP da LibreOffice, shirye-shiryen zane da ofis da ke aiki a Linux, suna ɗaukar nauyi mai yawa, abokin ciniki da ya kawo fayil ɗin CorelDRAW ba zai saurari dogon bayani ba. Irin wannan mutum nakan ce ya nemi laftof daga zubi na 8 zuwa sama mai SSD na aƙalla gigabait 512, ya raba ta gida biyu, Windows 11 a gefe don aikin shago, Linux a ɗaya gefen, ya riƙa zaɓar wadda yake so duk lokacin da ya kunna.