Godiya bayan kare kundin bincikena a kan bagaruwa

Alhamdulillahi, an sa hannu a kundin. Waɗanda suka bi ni tun farkon aikin nan sun san irin wuyar da aka sha, ba sai na maimaita ba. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, amma ba zan iya yin shiru ban yi godiya ba.

Malamata mai duba aikin ba ta son a ambace ta, to yau kam sai ta yi haƙuri. Daren da sakamakon DNA ya iso ne na san ko wace ce ita. Na daɗe ina auna kwanson 'ya'yan rassa uku na jinsin bagaruwa: na nilotica sumul yake, a tsuke tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, na tomentosa tsukewar iri ɗaya amma lulluɓe da farin gashi, na adstringens kuwa da ƙyar ake ganin tsukewar. Ido yana rarrabe su sarai. Amma da na jera matK da rbcL, sassan DNA biyun da masana suka zaɓa a 2009 don gane tsirrai, sai ga su kusan abu ɗaya. Gabana ya faɗi, na ɗauka aikin gaba ɗaya ya rushe. Na kira ta cikin kuka, dare ya yi nisa, ta ɗauka.

Ta ce, "Share hawayenki, 'yata. Sassan nan a cikin kuloroplas suke, wato koren sashen ƙwayar halittar tsiro, a hankali suke sauyawa, kuma galibi ta wajen uwa kaɗai ake gadonsu. Waɗanda suka zaɓe su ma kusan kashi 72 cikin 100 na jinsunan da suka gwada suka iya rabawa, balle rassan jinsi guda. Ki ƙara da ITS, wani sashen DNA da ya fi saurin sauyawa, kuma kada ki kuskura ki zubar da awonki." Ta tuna mini cewa dangin Acacia kansa, wanda a da bagaruwa take cikinsa, DNA ne ya nuna ba tsatso ɗaya ba ne, duk da kamar ƙaya da ganye, har aka yi ta jayayya kan sunan a taron masana tsirrai na Biyana a 2005 da na Melbon a 2011. Itatuwan Ostireliya suka riƙe sunan, bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia. Saɓanin siffa da gado, in ji ta, shi ne abin rubutawa. Babin da ya fito daga wannan dare shi masu jarrabawa suka fi tsayawa a kai. Malama, Allah Ya saka miki da Aljanna Firdausi, Ya raya miki zuri'a, Ya tsare ki daga duk abin ƙi.

Baba mai kula da ɗakin gwaji, kai ka nuna mini in riƙa tsinkar ganye mai tasowa in ƙara PVP, sinadarin da ke kama tanin, lokacin da sinadarin tanin yake ɓata mini samfur bayan samfur. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ma'aikatan ma'ajiyar busassun tsirrai da suka buɗe mini tsofaffin samfurori, na gode.

Inna, addu'arki ce ta riƙe ni. Yaya, kai ka sha rana tare da ni wajen tattara ganye. Akwai 'yan uwan da na sa ran gani ranar, kujerunsu suka tashi babu kowa, ko kira ban samu ba. Allah Ya sa lafiya ce ta hana.

Allah Ya sa ilimin ya amfani al'umma, Ya ba na baya da ke jiran nasu sakamakon sauƙi. Amin.