Yaron shagona da Mikel Arteta

Watan jiya babban yarona ya jira har sauran yara suka watse bayan magariba, sannan ya zo ya durƙusa gefen kekena ya ce, "Maigida, na kama ɗan shago a unguwarmu, ina so ka sa mini albarka." Shekara bakwai yana hannuna. Shi ke yanka shadda idan aiki ya yi yawa, kuma shi kaɗai na yarda ya auna manyan kwastomomi in ba na nan. Na ce ya bari mu wuce sallah, zan ƙara masa kasonsa. Bai ce uffan ba, sai naɗe tef ɗin awo yake yi a yatsa yana warwarewa. Nan na gane ba maganar kuɗi ce ta kawo shi ba.

Da daddare barci ya ƙi zuwa, kuma abin dariya, Mikel Arteta ne ya faɗo mini a rai, wanda ya bar mukamin mataimakin koci a Manchester City ya karɓi Arsenal.

Ni ɗan Manchester United ne tun 1999, don haka duk abin da zai ɓata wa City rai ina maraba da shi. Ranar 15 ga Disamba 2019 ina gidan kallo City ta je Emirates ta zuba wa Arsenal uku da nema tun kafin hutun rabin lokaci, De Bruyne biyu, Sterling ɗaya. Kyamara na ta hasko Arteta a benci kusa da Guardiola, kocin City a lokacin, fuskar nan a murtuke kamar ba su ke cin wasa ba. 'Yan Arsenal ɗin da ke bayana sai tsaki suke yi, don a lokacin an kori Unai Emery, Ljungberg ne ke riƙon ƙwarya. Ashe a daren nan manyan Arsenal za su bi shi har gidansa a Manchester. Masu ɗaukar hoto suka kama su suna fitowa bayan ƙarfe ɗaya na dare. Kwana biyar tsakani, ranar 20 ga wata, aka sanar da shi a matsayin kocin Arsenal.

To me City za ta yi don ta riƙe shi da ba ta yi ba? In kuɗi ne, kulob ɗin da masu shi ke Abu Dhabi ba zai rasa abin ninka wa mataimakin koci albashi ba. In daɗin wurin aiki ne, tun 2016 yake tare da Guardiola, sun ɗauki Firimiya da maki 100 a 2018, suka sake ɗauka da maki 98 a 2019, ana ta yaba masa kan yadda ya gyara wasan Sterling. Kwantiragi kuwa akwai, amma iyakar amfaninsa a irin wannan rana shi ne a biya kulob diyya. Takarda ba ta zaunar da mutumin da zuciyarsa ta riga ta tashi. Ko an tilasta shi ya zauna, wa zai so ya tattauna sirrin wasan Asabar da wanda ke duban ƙofa?

Abu ɗaya ya rage, wato a ce masa ya yi haƙuri, kujerar tasa ce in maigida ya sauka. An yi ta raɗe-raɗin haka a lokacin. Sai dai Guardiola ya sabunta kwantiraginsa a 2020, ya sake a 2022, ya kuma sake a 2024. Da Arteta ya tsaya, da zaman jiran gawon shanu ya yi. Kuma ya riga ya ɗanɗana jira sau ɗaya, domin a 2018 da Wenger ya sauka saura ƙiris a ba shi Arsenal aka ɗauki Emery. Wanda dama ta suɓuce masa sau ɗaya ba ya wasa da ta biyu.

Wani abokina ɗan Liverpool, duk sanda muka tayar da zancen nan a teburin mai shayi, Bob Paisley yake kawo mini. Gaskiya ne, Paisley ya yi shekaru a bayan Bill Shankly, kocin Liverpool, ya gaje shi a 1974, ya ɗauki kofin lig shida da kofin Turai uku cikin shekara tara. Amma ai Liverpool ba riƙe shi ta yi ba. Mutum ne da ma bai ƙwallafa rai a kan kujerar ba, sai da aka lallaɓa shi ya karɓa. Irin waɗannan ba sa bukatar dabara, zama suke yi don kansu. Mai son ya riƙa fitar da sunayen 'yan wasa 11 da hannunsa, a zage shi in an sha kashi, a yabe shi in an ci, wannan ba mukamin da za ka ƙirƙira masa ya isar masa. Ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Mu a United mun ga abin nan har mun gaji. Brian Kidd, mataimakin kocinmu Ferguson, ya bar shi a Disamban 1998 ya tafi Blackburn. Ferguson ya ɗauko Steve McClaren daga Derby, aka ci kofi uku a 1999, ita kuwa Blackburn ta faɗi daga Firimiya, kuma canjaras ɗin da ta yi da United ne ya tabbatar da faɗuwar. McClaren ma ya kama gabansa a 2001 zuwa Middlesbrough. Wanda ya fi burge ni shi ne Carlos Queiroz. Shekara ɗaya ya yi Real Madrid ta kira shi a 2003, kuma wa zai ce wa mutum kada ya je Madrid? Kaka ɗaya aka sallame shi. Ferguson bai ce "ai na gaya maka" ya rufe ƙofa ba, ya mayar da shi gefensa a 2004, suka ɗauki kofin Zakarun Turai tare a 2008, sannan ya sake tafiya ya karɓi Fotugal. Klopp, kocin Liverpool a lokacin, ma haka ya yi da mataimakinsa Pep Lijnders, ya tafi NEC ta Holan a farkon 2018, kafin shekarar ta ƙare ya dawo Liverpool. A ganina iyakar riƙon da kulob ke iya yi ke nan: a rabu lafiya yadda in abu ya ƙi, mutum ba zai ji kunyar dawowa ba.

Ba na cewa babu asara. Wata bakwai da tafiyar Arteta ya fitar da City daga kofin FA da ci biyu da nema, Aubameyang ya zura duka, ya je ya doke Chelsea a wasan ƙarshe. A 2021 ya janye Nicolas Jover, mai koyar da bugun kwana da bugun tazara, daga City. A 2022 Gabriel Jesus da Zinchenko suka bi shi. Wanda ya san ɗakin girkinka ya san inda kake ajiye gishiri. Duk da haka City ta kawo Juanma Lillo, ta ɗauki Firimiya sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, biyun ƙarshe ma Arsenal ɗin Arteta ce ke biye da ita.

Wannan janye mutanen shi ne ainihin abin da ya hana ni barci, in faɗi gaskiya. Akwai kwastomomin da suka saba da hannunsa a wuyan kaftani, kuma na san inda za su nufa.

Da safe na kira shi na ce na sa albarka, na ba shi tsohon kekena Butterfly da almakashi ɗaya. Shekaranjiya wani Alhaji da ya shekara goma yana ɗinki a wurina ya leƙo da shaddarsa a leda, ya dudduba shagon ya ce, "Malam, ina yaron nan?" Na ɗan yi jim, sannan na kwatanta masa layin. Da ya fita na miƙa wa mai bi wa yaron alli da wani yadi mai araha na ce ya yanka mini hannun riga. Na farko ya fito gajere da inci ɗaya.