Asabar a Bordo: kwalba uku daga gona ɗaya

Mu shida muka zauna cin abincin dare yau, da kwalba uku na giyar inabi daga gona ɗaya ta Poyak, a yankin Medok da ke arewa da birnin Bordo na ƙasar Faransa: ta 2009, ta 2010 da ta 2013. A dukkansu irin inabin da ake kira Cabernet Sauvignon ne ya fi rinjaye, sai wani irin, Merlot, da aka gauraya kaɗan. Abin da ya raba su shi ne yanayin shekarar da aka tsinke inabin, kuma shi muka zauna mu ji a baki.

Tun jiya aka tsayar da kwalaben, domin lakar da ta taru a gefensu lokacin da suke kwance ta sauka ƙasa. Da yamma ɗakin ya kai digiri 23, wanda ya yi wa wannan giya zafi. In ta ɗumama haka, barasar ce ke fara dukan hanci ta danne sauran ƙamshin. An sa su a firij minti 20 har suka sauko wajen digiri 17. Ta 2010 an juye ta a tulun gilashi awa biyu kafin ci don ta sha iska, ta 2009 awa ɗaya, ta 2013 kuwa buɗe ta kawai aka yi, don ba ta da ƙarfin da za ta jure dogon zama a buɗe. Wajen juyewa ana haska wuyan kwalbar da fitilar waya, da zarar laka ta taho sai a dakata. Kowa kofi uku iri ɗaya, mililita 60 a kowanne, ga ruwa da burodi mara ɗanɗano a gefe.

Kwalbar 2013 ta farko ba ta shiga lissafi ba. Tana buɗuwa sai warin jiƙaƙƙen kwali, alamar toshiyar ce ta ɓata ta, kuma komai kaɗa kofin warin ba ya tafiya. Allah ya sa maigidan yana da wata a ajiye.

Da 2013 ɗin muka fara, domin in aka sha mai nauyi tukuna, mara nauyin sai ta zama kamar ruwa. Shekara ce da ta wahalar da manoman Bordo: sanyi da ruwan sama sun ɓata fure, sannan danshin ƙarshen Satumba ya kawo ruɓa, aka tsinke inabi a gaggauce. Cabernet kuwa yana jinkirin nuna, yakan biyo bayan Merlot da kusan mako biyu, shi ya sa ake shuka shi a ƙasar tsakuwa mai riƙe zafin rana kuma ba ta tara ruwa. Duk wannan yana cikin kofin. Launinta ja ne mai haske, bakin kofin ya fara komawa ruwan ƙasa, akwai ɗan ƙamshin koren tattasai da ke fitowa idan inabin bai gama nuna ba, da ƙamshin fiƙaƙƙen fensir da aka san Poyak da shi. A baki ba ta daɗewa, amma tsaf take.

Tsakanin 2009 da 2010 gardama ta kaure. Ta 2009 'yar rana ce: an yi ɗumi mai tsawo, inabi ya nuna sosai, giyar ta fito da laushi da ƙamshin baƙin 'ya'yan itace da suka nuna tuɓus, ga ganyen taba a bayansa. Mutum huɗu nan take suka ce ita ce. A 2010 fari aka yi, dare kuma da sanyi, sai ƙwayoyin suka fito ƙanana masu kaurin ɓawo. Daga ɓawon nan da ƙwallon ciki ne baurin ke fitowa, sinadarin da majema ke nema a bagaruwa. Kurɓar farko dasashi ya bushe, harshe ya kama. Ƙanen maigidan ya ajiye kofinsa ya ce, “Yaya, wannan ai ba ta nuna ba.” Ta nuna. Tsaminta da baurinta ne suka fi yawa, su ne kuma za su riƙe ta shekaru bayan ta 2009 ta fara gajiya.

Da aka kawo gasasshiyar cinyar ɗan rago, da gishiri da tafarnuwa kawai, sai lissafi ya sauya. Kitse da nama suna kama baurin kafin ya kama baki, ta 2010 ta saki jiki, tsaminta yana wanke maiƙon bayan kowace loma. Kusa da ita ta 2009 ta ɗan yi nauyi. Ni dai ta 2010 na zaɓa, har yanzu ina jin ɗanɗanonta a maƙogwaro. An ajiye yajin ƙuli a teburin, wanda ya barbaɗa kuwa ya rasa duka ukun, saboda barkono yana ƙara zafin barasa ya kuma fito da ɗacin bauri.

Ta 2013 ba ta cancanci rainin da ake yi mata ba. Da naman ta zauna daram, ita ce ma ta fara ƙarewa. Sai dai bayan awa ɗaya a kofi ƙamshinta ya dushe, don haka sauran da maigidan ke da su a sha su bana. Na 2010 a mayar da su ɗakin ajiya a kwance, a duhu, a digiri 12 zuwa 14, kada a sake taɓa su sai nan da shekara biyar.