Ƙurajen jikin lemona ashe ƙwari ne

Kujerar roba ce ta fara tona asirinsu. Akwai wata da nake ajiyewa ƙarƙashin bishiyar lemun tsami a lambuna, wata safiya na dafa ta sai na ji danƙo, kamar an yayyafa mata ruwan sukari. Na goge, washegari ya dawo. Da na ɗaga kai sai na ga ganyayen ƙasa sun yi baƙi ƙirin kamar kunkunniya, ga kiyashi layi biyu a jikin bishiyar, masu hawa da masu sauka.

Ƙananan ƙurajen da ke jere a jikin rassa da bayan ganye kuwa, masu ruwan ƙasa, kowanne bai kai kan ashana ba, na daɗe ina ganinsu. Ban taɓa kawo wa raina cewa abu ne mai rai ba. Ba kai, ba ƙafa, ba motsi, ta ina mutum zai ce ƙwaro ne? Don haka kiyashin na ɗora wa laifi. Na samo maganin ƙwari mai ƙarfi, irin wanda ba ya barin komai, na yi wa bishiyar wanka da shi har sau uku. Kiyashi suka ɓace na 'yan kwanaki, suka dawo. Bayan wata biyu ƙurajen sun ninka, sun bayyana har a kan gwaiba da furannin shinge, ganyen lemon ya fara rawaya yana zuba.

Wani dattijo da ya tsufa a aikin lambu na roƙa ya zo ya duba min. Bai ce komai ba, ya kama reshe ya sa farce ya murtsuke ƙurji ɗaya, ya nuna min. Wani ruwa ne rawaya a jikin farcen.

"Ka ga wannan? Da ransa. Tsotson bishiyar yake yi."

Na ce, "Baba, ai na fesa magani sau uku."

Ya ce, "Ka fesa wa rufin ɗaki, ɗana, mai ɗakin yana ciki."

Sai ya nemo wani tsohon reshe ya nuna min busassun ƙuraje masu ɗan rami a gadon baya, kamar an huda da allura. Ya ce wannan aikin wani ɗan mitsitsin zanzaro ne da ke saka ƙwai cikin ƙwaron, ɗansa ya cinye shi daga ciki, ya huda ya fita. A sababbin rassan ko rami ɗaya ba mu gani ba. Maganina ya share masu taya ni yaƙi, ya bar abokan gaba a ɓoye ƙarƙashin ɓawonsu.

Daga nan na zauna na karanci abin. Waɗannan ƙwari masu ɓawo dangi ne babba, an san nau'i wajen 8,000, amma mai lambu gida biyu ya kamata ya bambance. Akwai masu taushin baya, waɗanda ɓawon jikinsu ne, in ka ɓanɓare da ƙwaron gaba ɗaya yake tashi. Su ne ke zubar da darɓa, wato ruwan zaƙin da ya ɓata min kujera, baƙin da ke rufe ganye kuma naman gwari ne da ke tsirowa a kan darɓar. Ba ya shiga cikin ganyen, haske kawai yake tare masa. Sai masu sulke, ƙanana, shafaffu, in ka ɗaga sulken za ka tarar da ɗan jikin a ƙasa. Waɗannan ba sa darɓa, ba kiyashi, ba danƙo, shi ya sa suke busar da reshe kafin a farga. Nawa na lemo masu taushi ne, na shinge masu sulke.

Abin da ya sauya min aiki baki ɗaya shi ne sanin cewa a yawancinsu macen sau ɗaya take tafiya a rayuwarta. Ƙwai na ƙyanƙyashewa ƙarƙashin uwa, 'ya'yan su fito kamar ƙurar rawaya mai ƙafafu, su yi yawo na yini ɗaya ko biyu, iska ma takan kwashe su zuwa wata bishiyar. Da sun sami wuri sai su soka baki su fara gina rufi. A wannan ɗan tsakanin tsirara suke, ko ruwan sabulu na iya gamawa da su. Duk dabarar ita ce ka san ranar fitowarsu.

Hanyar sanin kuwa har dariya ta ba ni don sauƙi. Na naɗa salatif a rassa biyar kusa da inda suka yi cincirindo, gefen danƙon yana kallon waje. Kowane mako in kwance in duba da gilashin ƙara girma, in naɗa sabo. Mako uku ba komai sai ƙura da 'yan ƙudaje. A na huɗu bakin salatif ɗin ya yi ɗige-ɗige rawaya, ɗaruruwa, wasu na wutsil-wutsil da ƙafa.

Kafin wannan lokaci ban zauna ba. Rassan da suka cika maƙil na datse su, na zuba a leda na ƙulle na fitar daga lambun. Na rage cunkoson tsakiyar bishiyar don iska da haske su ratsa. Manyan rassa na bi su da tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu, aikin da ya cinye min yammaci uku ya bar ni da ciwon wuya. Shukokin tukwane kuwa auduga da sifirit sun wadatar.

Sannan man feshi na shuka. Shi ba guba ba ne, toshe wa ƙwaro kafofin numfashi yake yi, don haka sai inda ya taɓa yake aiki, in ya bushe kuma shi ke nan, zanzaron da ya sauka gobe ba abin da zai same shi. Ina zuba mililita 10 zuwa 20 a kowace litar ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba, ina girgiza famfon akai-akai don mai da ruwa ba sa zaman lafiya. Bayan ganye da matsattsun rassa su ne wurin aiki, sai ka karkata kan famfon sama ka jiƙa su sharkaf. Na maimaita bayan kwana goma saboda ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba.

A nan ma sai da na yi ɓarna. Gaggawa ta sa na fesa wa shingen da tsakar rana, alhali ya kwana biyu bai sha ruwa ba. Kwana uku ganyen gefen rana suka ƙone kamar an gifta da wuta. Ba a fesa mai in zafi ya haura digiri 32, ba a fesa wa shuka mai ƙishi, ba a kuma haɗa shi da maganin farar wuta ko a biyo bayansa kusa-kusa. Yanzu sai na shayar da bishiya yau, gobe da sassafe in yi feshi.

Kiyashin da na fara zarga ba su ne ɓarayin ba, amma su ne masu gadi. Kiwon ƙwarin suke yi don darɓa, duk abin da ya zo cinsu su kore shi. Na naɗe gangar bishiyar da ƙyalle mai kauri na shafa danƙo a kan ƙyallen, ba a jikin ɓawon itacen ba, don kada ya ci shi. Kwana biyu sai ga su a sama kamar ba a yi ba. Ashe reshe ɗaya ne ke taɓa katanga, ta nan suka yi gada. Na sare shi.

Kuskuren da na yi da maganin farko, manyan manoma sun riga ni. A shekarun 1880 wani nau'in wannan ƙwaro mai farin jaka kamar auduga ya kusa kashe noman lemo a Kalifoniya ta Amurka. A 1888 wani masanin ƙwari, Albert Koebele, ya aiko da wani ɗan buzuzu ja da baƙi daga Ostireliya, inda asalin ƙwaron yake, cikin shekara guda da 'yan watanni ya share gonakin. Da aka shigo da maganin ƙwari na DDT a shekarun 1940 ya kashe buzuzun, ƙwaron ya sake ɓarkewa. Wannan labari ne ya sa na ƙi maganin da ake zubawa a gindin bishiya saiwa ta zuƙe. Yakan ci masu taushi, amma wanda aka fi sani, imidacloprid, bai cika taɓa masu sulke ba, ga shi yana kai wa ga fure inda ƙudan zuma ke sha. A bishiyar da zan ci 'ya'yanta ban ga dalili ba.

Takin yuriya ma na rage, don na lura sabon toho mai laushi da yake fitarwa shi ne abincin da suka fi so. A lokacin rani nakan wanke ganyen da ruwa mai ƙarfi, ƙura na hana ƙananan zanzaron aiki.

Wata guda bayan feshi na biyu na duba rassan, gabana ya faɗi, ƙurajen na nan daram. Har na ɗauko famfo, sai na tuna farcen Baba. Na murtsuke guda ashirin: goma sha takwas sun marmashe a bushe kamar ɓawon miki, biyu ne kawai suka yi ruwa. Matattu ba sa faɗuwa, sukan yi watanni a manne. Baƙin ganyen ma sai a hankali ya riƙa ɓarewa yana zuba da ruwan sama.

Har yau akwai su jefi-jefi a lemon, na kuma daina neman ganin bayansu. Makon jiya na juya wani ganye na tarar da guda bakwai a jere a gefen jijiya. Huɗu daga ciki da ɗan ramin allura a baya. Na saki ganyen, na mai da famfon inda na ɗauko shi.