Kwanukan Hajiya da na kife a jikin bango

Bayan sadakar arba'in ɗin kakarmu a Tudun Wada ta Kaduna aka zo kan kayan ɗakinta, samiru da langa da kwalla duk sun ɓarɓashe babu mai so, har an kira ɗan gwangwan zai auna a kilo nace dan Allah a bar min. Dama na jima ina kallon aikin El Anatsui, mutumin Ghana ɗinnan da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, yanda yake ɗinke murafan kwalabe da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton zani, har aka karrama shi a Venice a 2015. Toh murfin kwalba ma kenan, balle kwanon da ya shekara da shekaru yana kai abincin buɗa baki gidan maƙota.

Na je kasuwar Panteka na sayo rodi, mai walda ya haɗa min firam, shine yake ce min kar in bari wuta ta taɓa kwanon, wai ƙyallin nan na jikinsa gilashi ne aka narka akan ƙarfe, zafi na taɓa shi zai tsage ya zube. Sai huji da noti. Hujin ma sai ka manna salatef a wajen, ka fara da ƙaramin baki a hankali kana ɗiga ruwa, in kayi gaggawa furen jikin kwanon ne zai tafi.

Abinda yafi tsaya min a rai shine gindin kwanukan. Kowanne da alama, wani ɗigo uku na jan farce, wani harafi da fenti, saboda in an kai abinci gidan biki ko gidan rasuwa kwano ya san hanyar gida. Shiyasa na kife su duka alamar na kallon mutane, ban goge tsatsa ba ban sake fenti ba, banish kawai na shafa saboda damshin daminar Kaduna. Wani abokina yace in fesa musu ruwan gwal zasu fi kyau, wlh da na yi da sun koma kayan shago.

Masu cewa gunki ne ma sun zo, da suka ga ba fuska ba siffar mai rai sai suka koma tambayar nawa na kashe.

Goggo kuwa tana shigowa ta tsaya tana karanta alamomin tana kiran sunayen matan unguwa, wance ta rasu wance ta koma Rigasa, can sai ta nuna wata langa tace "kai ɗan nan wannan ai tawa ce, aro Hajiya tayi tun bikin babanka". Dole na ɗauko sifana na kwance mata, yanzu akwai gurbi ɗaya a layi na uku kuma ta rantse sai na nemo mata murfin.