Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fitilar Baba Tsoho

A makon jiya na tsaya a inda muka ƙetare iyakar Seme muka kwana a Kwatano, ni da Kawu da ƙannensa mata biyu da za mu kai biki unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana. Kafin in ɗora, sai na koma baya kaɗan, don idan ba ku san Baba Tsoho ba, ba za ku gane abin da ya sa Kawu ya saki hanya ba.

Baba Tsoho shi ne mahaifin Inna da su Kawu. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin goro, kuma yana cikin waɗanda suka bi ta ruwa tsakanin Ankara da Ikko, irin hanyar da su Alhassan Ɗantata suka riga su bi. Da tsufa ya zo ya dawo ƙauyenmu da ke gefen Ringim ya zauna. Bayan sallar isha'i yakan shimfiɗa buzunsa a ƙofar zaure, mu kewaye shi. A cikin labaransa akwai wanda ba ya gajiya da maimaitawa: wai da dare, suna tsakiyar ruwan da ba a ganin gaɓarsa, sai ya hango wata fitila can nesa tana ƙifta ido kamar mutum, ta haska ta ɗauke, ta haska ta ɗauke, kuma da ita masu jirgi suke sanin inda suke. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne kogin Haɗeja idan ya kawo a watan Agusta, sai muka ajiye wannan labari kusa da na Gizo da Ƙoƙi. Har ya rasu ban taɓa tambayarsa da gaske ba. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

Bazara ce lokacin da muka yi wannan tafiya. Mun baro gida an gama sharar gona, ana ta duban gabas ana jiran ruwan shuka, iska kamar daga bakin murhu. A can kudu kuwa damina ta riga ta sauka, zafin wani iri ne, mai danshi, riga ta manne maka a baya ko kana zaune. Daga Kwatano muka wuce iyakar Hilakonji muka shiga Togo, a Lome titi ya bi ta bakin teku, na yi ta kallo baki buɗe har muka isa Aflawo. Kuɗin aljihunmu ya tashi daga naira ya koma sefa, daga sefa ya koma sidi.

Bayan Aflawo kaɗan, a Denu, maimakon Kawu ya miƙe babban titi sai ya karya kan mota hagu. Gwaggo ƙarama ta ce, "Yaya, ina kuma za ka kai mu, ga rana ta yi?" Ya ce, "Ku yi haƙuri, akwai alkawarin da na ɗauka wa kaina." Bai ƙara ko kalma ba.

Hanyar Keta siririyar ƙasa ce, teku a hagu, wani makeken tafki a dama. A garin muka ga ragowar wata ganuwa da Turawan Denmak suka gina a 1784, teku ta cinye ɓarinta. Amma abin da ya fi kama idona shi ne lambunan da ke gaba, wajen Woe da Anloga: fangali-fangali na ƙananan albasa a cikin farin yashi, mutane suna ɗibar ruwa daga 'yan gajerun rijiyoyi suna ban-ruwa da hannu. Sai na ji kamar ina fadamarmu da rani. Manomi duk inda yake ɗan'uwan manomi ne, har wani ya ɗago mana hannu.

Ana nan sai ga ta. Hasumiya ce ta ƙarfe, doguwa, ja da fari, tsaye ita kaɗai a tsakanin itatuwan kwakwa. Sunan wurin Cape St. Paul, an kafa ta a 1901. Mai gadinta dattijo ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan irin ta zango, sauran kuma Kawu ya riƙa fassara mini. Shi ya fahimtar da ni cewa ƙiftawar nan ba ta banza ba ce. Kowace hasumiya da nata salon: wata ta haska sau ɗaya ta huta, wata sau biyu ko fiye, kuma an ƙayyade daƙiƙun da ke tsakani, duk a rubuce a littafin matuƙa jirgi. Mutum yana tsakiyar duhu zai ƙirga, ya ce wannan ta wuri kaza ce. Da rana kuma fentin jikinta ne shaidarta. Na tambaya yaya fitila ɗaya take kai haske wannan nisa, ya ce sirrin yana ga gilashin da ke kewaye da ita, wanda aka yi masa zobba-zobba don ya tattara hasken ya harba shi waje guda maimakon ya watse. Daga baya na karanta cewa wani Bafaranshe mai suna Fresnel ne ya ƙirƙiro irin wannan gilashi wajen shekarun 1820.

Kawu ya ce ba za mu tafi ba sai an yi magariba. Muka yi alwala da ruwan jarkarmu, muka yi salla a kan yashi, ƙugin teku yana neman danne karatun Kawu. Muna sallamewa duhu ya fara rufa, sai hasken ya zo, ya ɗauke, ya sake zuwa. Tsigar jikina ta tashi. Na juya na ga Kawu, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar jana'iza, yana share ido da bakin rigarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko, ɗan nan? Tsohon nan bai taɓa yi muku ƙarya ba." Gwaggo babba ta ɗaga hannu ta fara yi masa addu'a, muka amsa da amin.

Cikin dare muka haye gadar Sogakope a kan kogin Bolta, muka ratsa Tema muka shiga Nima. Zancen Nima sai na ware masa kashi guda, amma ku sani da safe da koko da ƙosai aka tarbe mu, kowa a layin yana Hausa.

Ranar Talata Kawu ya ja ni zuwa Jamestown, tsohuwar unguwar 'yan ƙabilar Ga, inda wata hasumiyar take. Ita wannan ginin dutse ce, tsayinta mita 28, an gina ta a shekarun 1930 a madadin wata ta 1871. Matakalar cikinta murɗaɗɗiya ce, ƙunci gare ta, kafin mu kai sama gwiwoyina suna rawa. Daga can na ga ɗaruruwan kwale-kwale masu fenti kala-kala a jere a kan yashi, don masuntan wurin ba sa shiga teku ran Talata. Ga kuma ganuwar James Fort dab da mu, wadda Ingilishi suka gina a 1673, inda aka tsare bayin Allah lokacin cinikin bayi kafin a loda su a jirgi. Na daɗe ina kallonta, zuciyata ta yi nauyi.

Kawu ya nuna mini can cikin ruwa ya ce kafin a buɗe tashar Tema a 1962, manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓar Ankara. Nesa suke tsayawa, a yi ta jigilar mutane da kaya a kwale-kwale ta cikin igiyar ruwa. Nan take na tuna yadda Baba Tsoho yake kwatanta mana da hannunsa, yana rungume da huhun goro, ruwa yana ɗaga su yana saukewa, yana ta salati. Ashe a nan ne, a gabana.

Da muka sauko na cire takalmi na shiga ruwan har ƙauri, na ɗanɗana na ji gishiri. Na cika wata 'yar gora na ɗaure bakinta da leda, na ce wannan ta Inna ce, ita da ba ta taɓa wuce Kano ba. Gorar ta kai gida, amma sai da muka kwana uku a hanya saboda abin da ya sami motar Kawu bayan biki. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.